Balkisa, Kafin Ki Kai Wani Kallon Namun Daji

Rillieux, ranar Lahadi bayan azahar

Assalamu alaikum, Balkisa 'yata. Ina gaishe ki gaisuwa mai yawa, ko da yake bango ɗaya ne tsakaninmu, kina can ɗaki kina danna kaya cikin jaka, ina jin ki. Allah ya kai ki Paris lafiya gobe, ya tsare ki a jirgin ƙasa da cikin metiro na ƙarƙashin ƙasa, ya haɗa ki da abokan aiki masu mutunci, ya sa ɗakin da kika kama a Saint-Denis ya zame miki wurin kwanciyar hankali.

Tun safe na kasa zama. Na wanke tukunyar da ba ta yi datti ba, na sake ninke zannuwan da na ninke jiya, na leƙa taga ban san abin da nake nema ba. Akwai maganar da ke cina, kuma kin san halina, in na buɗe baki zan yi miki ita sai ta rikiɗe ta koma faɗa a kan gyale ko a kan rashin cin abinci. Shi ya sa na ɗauko takarda. Zan cusa ta tsakanin yaji da kilishin da na ƙulle miki, ki karanta in kin sauka.

Kin ce aikin da kika samu shi ne shirya wa mutane tafiya kallon namun daji a Kenya da Tanzaniya da wasu wurare, kuma ba kowane mutum ba, sai masu tafiya a keke irin na babanki, da makafi, da tsofaffin da ƙafa ta gaji. Ranar da kika gaya mini na yi dariya, na ce Nasara ba su rasa abin sayarwa. Dariyar nan ta baki ce kawai. Ni na riga ki yin wannan aiki. Sau ɗaya na yi shi, na kuma ɓata shi tun daga tushe, kuma wanda na ɓata wa shi ne babanki.

Kina ƙarama lokacin, mun bar ki wurin yayarki a Vaulx-en-Velin saboda lekol, kada karatunki ya tsaya, don haka hotuna kawai kika sani. Babanki a ƙuruciyarsa direban babbar mota ne tsakanin Yamai da Dosso. A wannan hanya yakan ci karo da raƙuman dawa suna tsallake kwalta, ya kashe mota ya jira su wuce. Kin ji labarin nan har kin gaji. Bayan da hawan jini ya buge shi ya shanye masa ɓarin hagu, bai roƙi kowa komai ba sai abu ɗaya: a kai shi gida ya sake ganin dabbobin nan. Na ce wannan ai mai sauƙi ne, ina da ƙanne cike da Yamai.

Na ɗauki salula na kira kawunki Sani. Na ce masa, "Motarka za ta ɗauki Malam da kekensa?" Ya ce, "Haba Yaya, ba matsala." Na ce, "Masaukin da za mu kwana kusa da dajin fa, keke zai shiga?" Ya ce, "Ba matsala, ku dai ku taho." Duk abin da na tambaya amsar ɗaya ce, ni kuwa na ajiye waya ina murna wai na gama shiri. Sani bai yi mini ƙarya ba. Mu mutanen gida ba mu iya ce wa baƙo a'a ba, balle yayarka ce ke tambaya, balle suruki ne marar lafiya. Abin da yake nufi da ba matsala shi ne akwai samari masu ƙarfi, za su ɗauke shi.

Haka kuwa aka yi. Motar kat-kat ce, irin ta shiga daji, mai tsayi, ko ni mai ƙafa biyu sai da na kama ƙarfe na hau. Samari suka taru, wannan ya kama hamata, wancan ya kama ƙafa, suka cicciɓi babanki kamar buhun hatsi. Hularsa ta faɗi ƙasa, rigarsa ta tattare har cikinsa ya fito, ga matan gida tsaye suna ta yi masa sannu. Mutumin da bai taɓa fita ƙofar gida ba babbar riga ba. Ya dai runtse ido har aka ajiye shi.

To ki ji, kada ki taɓa yi wa mai otel ko mai mota tambayar da za a amsa da i. Kowa zai ce miki i, namu don kunya da kara, na wasu don neman ciniki. Kada ki ce keke zai shiga? Ki ce, gaya mini yadda zai shiga. Ki sa su ɗauki metir su auna faɗin ƙofa, su ɗauki hoto da metir ɗin a jiki. Ki sa mutum ya riƙe salula ya taka tun daga inda mota ke tsayawa har bakin gado, kina kallo, don ki ga matakalar da suka manta da ita saboda kullum suna hawanta. Gani ya kori ji. In kuma kika ji an ce "za mu ɗauke shi", ki sani babu hanyar ke nan. Akwai wanda bai damu a ɗauke shi ba, akwai wanda ya gwammace ya fasa tafiyar, kuma shi ne zai faɗa tun yana gidansa.

Na tashi na duba shinkafa, na dawo. Asansar ɗin nan mai hawa da mu bene ta sake tsayawa, ina jin maƙwabta suna hawowa da ƙafa suna mita. In ba a gyara ba yau, gobe babanki ba zai raka ki ko ƙofar ƙasa ba.

Kuskure na biyu ya fi na farko muni, don shi da gangan na yi. Ban gaya wa dangi gaskiyar ciwon Malam ba. Na ce musu ƙafa ce ta ɗan yi nauyi, yana samun sauƙi. Ina ganin rufin asiri nake yi masa. Ban so a zauna a garinmu Damagaram ana cewa mijin Rabi ya tafi Faransa ya nakasa. Saboda haka babu wanda ya san ba ya iya tsuguno, babu wanda ya san maganinsa na sa shi yawan fitsari, babu wanda ya tanadi komai. Muka isa masauki, bayan gidan na tsuguno ne, ƙofarsa kuma ko kafaɗar keke ba ta shiga.

Kin san abin da babanki ya yi? Ya daina shan ruwa. Tun daga karin kumallo, duk wanda ya miƙo masa gora sai ya ce alhamdulillahi, ya ƙoshi. Ga zafin gida, kin san shi. Ya gwammace ƙishi ya kashe shi da ya ce wa ƙannen matarsa su kai shi bayan gida su riƙe shi. Ni ina gefensa ina ta surutu da matar Sani a kan atamfa, ban lura ba sai da na ga leɓɓansa sun bushe, idonsa ya faɗa. Na matsa na ce, "Malam, lafiya?" Ya ce a hankali, "Hajiya, in na sha, ina za ni?" Har yau in na tuna tambayar nan sai in ji kunya ta rufe ni.

Ke ma jininmu ce, Balkisa, duk da Faransancin da ke bakinki. Na san ki, za ki ji nauyin tambayar dattijo sa'an babanki yadda yake zagayawa. Ki ajiye nauyin nan a gida. Ranar wanka ba a ɓoye cibi. Ki keɓe da mutum, ba gaban 'ya'yansa ba, ba gaban surukansa ba, ki tambaye shi dalla-dalla da fuska a sake: yadda yake shiga bayan gida, yadda yake wanka, wa yake yarda ya taimaka masa, mace ko namiji, tsawon lokacin da zai iya zama a mota kafin ya buƙaci tsayawa. In Musulmi ne ki tambayi yadda yake alwala. Ki tambayi maganin da ke son sanyin firigo, ki kuma tambayi masaukin ko wutarsu na kwana, don keken da ke aiki da batir in babu caji ya zama kujera. In mutum ya ce miki ba komi, ki ba shi lokaci ki sake tambaya ta wata hanya. Namu musamman, ba komi ɗinsu na farko gaisuwa ce.

Na uku, na mayar da tafiyar Malam tafiyar kowa. Da dangi suka ji za a je ganin raƙuman dawa, kowa ya ce zai raka. Ni kuma ban iya hanawa ba, har ma daɗi na ji, ana ganin girmanmu. Muka tashi da ayarin motoci, da kuloli, da yara. Kafin mu bar gari mun tsaya gaida wannan gwaggo, mun tsaya yi wa wancan ta'aziyya, ko'ina sai an sauke shi an sake ɗora shi. Mai jagoran dajin ya ce mana mu zo da sanyin safiya, mu kuwa sai da rana ta take muka isa. Hanyar duk gargada, Malam ba ya iya riƙe jikinsa ta hagu, kowane rami sai ya karkata kafaɗarsa ta bugi ƙofa. Babu wanda ya yi tunanin matashi ko ɗamara, har ni.

Wani abu kuma da na bari aka yi ta yi a gabana: duk wanda ya zo sai ya tsallake kansa ya dube ni ya ce, "Hajiya, ya jikin nasa? Yana cin abinci? Ya gaji ne?" Ni kuma in amsa. Yana nan zaune, kunnensa ras, hankalinsa ya fi nawa, bakinsa ne kawai ya ɗan yi nauyi, amma na zama bakinsa ba tare da ya naɗa ni ba. Tun ina yi don in rage masa wahala har abin ya zame mini jiki.

Ki kiyaye wannan a ofishinku. Za su shigo su biyu, ɗaya a keke ɗaya yana turawa, kuma mai turawar ne zai fi zuba. Ki jawo kujera ki zauna, idonki ya yi daidai da na mai tafiyar, ki yi magana da shi. In maganarsa na jan lokaci, ki jira, kada ki ƙarasa masa. Ki rage wuraren da za a je, ki bar ranakun hutu a tsakani, ki sa fita ta zama da safe ko da yamma. Mai lafiya yana ƙirga dabbobin da ya gani, shi kuwa wannan in ya ga guda ɗaya da kyau, jikinsa bai yi tsami ba, ya ci riba. Kuma ki yarda da wanda aka ce ya raka shi, amma kada 'yan rakiya su fi mai tafiya yawa har su manta dalilin fitowa.

Malam ya kira ni, na je na gyara masa matashi. Ya ga alƙalami a hannuna ya ce wa nake rubuta wa. Na ce ke. Ya ce, "To." Ya bi ni da kallo har na fito.

Yanzu na zo inda nake ta kewaye-kewaye tun farkon takardar nan.

Mun same su, Balkisa. Bayan doguwar tafiya cikin gonaki mai jagora ya ɗaga hannu, direba ya tsaya. Ga su nan ta hannun hagu, uwa da ɗanta da wasu manya, suna cin ganyen bishiya a natse. Yara suka yi tsalle suka fita, manya suka bi su. Aka sauko da keken, ƙafafunsa suka nutse cikin rairayi, ko motsi. Sani ya ce, "A bar Alhaji a mota, ai shi ya fi kowa samun wuri, ga su nan daidai tagarsa." Gaskiya ne, yana zaune bayan direba, tagar hagu, dabbobin na wannan gefen. Na sauke masa gilas, na bi mutane da salula ina ɗaukar hoto. Da muka dawo kowa na haki yana murna, Sani ya leƙa ya ce, "Alhaji, ka gan su ko?" Babanki ya ce, "Na gani, alhamdulillahi. Allah ya saka da alheri." Muka juyo gida ina jin na sauke nauyi. Shekarun nan duka da wannan nake ta'azantar da kaina, ina cewa an sha wuya amma dai ya gani.

Kin tuna ranar Alhamis da muke cin tuwo? Kika ce, "Baba, in na zauna da gindina a wurin aiki, tafiya ta farko da zan shirya da hannuna taka ce. Akwai motoci masu ɗaga keke, akwai komi." Shi kika yi wa magana, sunansa kika kira. Kafin ya haɗiye lomar da ke bakinsa na riga na amsa. Na ce, "Ke dai ki yi aikinki. Babanki ya riga ya ga abinsa, kuma jikinsa ba zai ɗauki wannan wahala ba." Kika tashi kika kwashe kwanuka.

Washegari da safe ina shafa masa man zafi a hannun da ya mutu, sai ya ce, "Hajiya." Na ce na'am. Ya ce, "Ban gan su ba." Na ce su wa? Ya ce, "Raƙuman dawa. Ta hagu suke. Bayan kujera na gani, da hular direba, sai muryoyinku can nesa."

Hannuna ya tsaya. Ni ce fa nake ajiye masa kwanon abinci ta dama kullum, ni ce nake zagayowa ta damansa in zan yi masa magana, don tun a asibitin Lyon lokotoro, likitansa, ya gaya mini ciwon ya tafi da rabin ganinsa, duk abin da ke hagu ba ya ganinsa, wuyansa kuma ba ya juyawa can. Na sani sarai. Amma na ɓoye wa dangi, ranar kuma murna ta ɗauke ni na manta. Da na ce wa direba ya juya motar kawai, a mayar da shi ɗaya kujerar, shi ke nan. Na ce masa, "Malam, me ya hana ka faɗa?" Ya ce, "Mutane sun bar aikinsu, sun ƙona mai, sun ɗauke ni sun sauke ni. In ce musu ban gani ba?" Na ce, "To ni fa, duk shekarun nan?" Ya ce, "Ke ba ki tambaya ba. Faɗa wa mutane kike yi na gani."

Ban yi kuka a gabansa ba, na shiga ɗakin girki na yi. Na ji haushinsa, na ji haushin Sani, daga baya na ga babu mai laifi sai ni. Tun ranar ban samu natsuwa ba.

Ga gargaɗin da ya fi duk sauran, in kin manta da su kada ki manta da shi. Mota mai kyau da ɗaki mai faɗi ba su ne tafiyar ba. Mutum ya fito ne don ya gani, ko ya ji da kunnensa in makaho ne. Ki tambayi kowane matafiyi ta wane gefe yake gani, ta wane kunne yake ji, wuyansa na juyawa ko ba ya yi, daga kujerarsa idonsa na kai bakin taga ko ƙarfe ne a gabansa. Ki gaya wa direba da bakinki cewa mota ce za ta juya, ba mutum ba. In an tsaya, wani ya sunkuya ya duba daga daidai inda kan matafiyin yake. Kuma kada a tambaye shi "ka gani ko?", don mai kara zai ce i. A ce masa, me kake gani?

Sauran maganar ba tawa ba ce, kuma a nan nake son in koyi yin shiru. Kin san hanyar gida yanzu ba ta biyuwa zuwa wancan daji saboda rashin tsaro. Kin san kuma abin da lokotoro ya ce game da zuciyarsa a zuwanmu na ƙarshe, ba sai na rubuta ba. Ina tsoro, Balkisa. Ina tsoron doguwar tafiyar jirgi, ina tsoron a karya masa keke wurin lodi, ina tsoron ya tafi ƙasar da ba mu san kowa ba wani abu ya same shi. In da ta ni ce, ya zauna nan kusa da taga ina kallonsa. Amma na fi tsoron ya bar duniya da bayan kujerar direba a idonsa, kuma ni ce sila har sau biyu. Na janye amsar da na ba ki ranar Alhamis. Ba ni aka tambaya ba.

Ki kira shi da kanki in kin huta, a salularsa, ba tawa ba. Zan fita ɗakin in ja ƙofa. Ki yi masa duk tambayoyin nan da na lissafa miki, har masu nauyin, ki nemi shawarar lokotoronsa, sannan abin da ya ce shi ke nan. In ya ce zai je, zan bi shi in riƙe gorar ruwa, in kuma rufe bakina.

Na tashi na kai masa shayi yanzu, na tarar ya jawo akwatin takardunsa da hannu ɗaya, ya fito da fasfo yana duba ko ya mutu. Na yi kamar ban gani ba. Ya ce, "Kin gama wasiƙar?" Na ce saura kaɗan. Ya ce, "Ki ƙara mata layi ɗaya daga gare ni." Na ce ina ji. Ga shi nan yadda ya faɗa, ban gyara ba, ban ƙara ba: "Ki ce wa Balkisa, raƙumin dawa ko na wace ƙasa ne ina so. Ta dai sa ni ta hannun dama."

Allah ya kiyaye hanya, 'yata. Ya tsare ki daga sharrin gari da na mutane, ya sa albarka a aikinki, ya sa duk wanda ya ba ki amanar jikinsa ya je lafiya ya dawo lafiya, ya kuma ga abin da ya fita nema. Allah ya ara wa babanki kwana har ya kai. Ki riƙe salla, ki ci abinci, ki kira shi kafin Juma'a.

Mahaifiyarki,
Rabi